Bencin Ranar Laraba

Mu biyar ne a benci guda,
kowa da katinsa, gumin hannu ya sa ya yi laushi.
Da aka tambaye mu a bakin ƙofa, baki ɗaya muka amsa:
ciwon zuciya.
Kamar a ce maka tuwo, a yi shiru,
ba a faɗi na dawa ne ko na shinkafa ba.

Ni ne Haladu, mutumin Ajiwa.
Shekara talatin ina kwance injin ban-ruwa ina ɗaurawa,
ban taɓa karɓar inji don an ce "ya lalace" kawai ba.
Sai na ji kukansa.
Ruwan ne bai hawa, ko tari yake yi ya mutu?

Nawa ranar kasuwar Carenci ya same ni,
buhun albasa a kafaɗa.
Wani dutse ya zauna mini a ƙirji,
ya miƙa ƙafa hannun hagu, ya taɓo muƙamuƙi,
gumi mai sanyi ya jiƙa taguwa.
Na ce gyambon ciki ne, na jiƙa kanwa na sha.
Likita ya ce a'a,
jijiyar da ke shayar da ita zuciyar ce ta cushe.
Na yi dariya duk da zafin:
mai raba wa gari ruwa, ƙishirwa ta so kashewa.

Ga Baturiya a damana, goyon wata uku a cinya,
ƙafa kamar salkar da aka cika,
silifas ya ƙi ta tun ranar suna.
Ba ta barci sai a jingine, matashi uku a baya,
in ta kwanta sai numfashi ya gudu.
Tata ba ta toshe ba.
Gajiya ta yi: tana turawa, ba ta kaiwa,
ruwa ya koma baya ya kwanta inda bai kamata ba.
An hana ta gishiri, an hana kunun kanwa,
gwaggonta na waje tana ta mita.

Tanimu tela na Ƙofar Marusa ya ce tasa keke ce mai tsallake ɗinki,
ta yi gudu, ta tsaya, ta tuna, ta ci gaba.
Na ce wannan ai wayar wuta ce, ba bututu ba.

Yaron can ban ji muryarsa ba.
Ubansa ya ce maƙogwaro ne aka raina yana ƙarami,
yau ƙyauren cikin zuciya bai rufuwa daidai,
jini ya wuce, rabi ya komo.
Bawul. Na san shi.
Ɗan abu kamar ƙumba, ya hana kadada biyu shan ruwa.

Na biyar ɗinmu, Alhaji Mati, sai huci yake.
"Lafiyata ƙalau, yara ne suka matsa."
Babu inda ke masa ciwo,
na'ura kaɗai ke faɗin hawan jininsa, shi kuma ya ce ƙarya take.
Ban ce masa komai ba.
Na sha ganin bututu fes daga waje
har zuwa safiyar da ya fashe.

Wajen sha ɗaya Tanimu ya kwance ledarsa,
ya miƙo wa Baturiya ƙwaya biyu farare:
"Gwada wannan, ni ta yi mini."
Na tare hannunsa.
Na ce Malam, sifana mai lamba goma
ba ta kwance noti mai lamba sha bakwai,
cinye masa kai take yi.
Ya dube ni, ya dubi jaririn,
ya ƙulle ledarsa.

Sai nas ta leƙo ta kira suna.
Mu biyar muka ɗaga kai,
mutum ɗaya ya miƙe.